Fitilun tsakar gida da ƙofar gida: taransifoma, sola mai batir ɗaya, ko fitila mai cin gashin kanta?

Idan aka gama ginin gida aka zo kan fitilun waje, abin da aka saba gani shi ne mai wayarin ya ja waya daga cikin ɗaki, ya huda bango ya fito da ita, ya kafa ƙwai ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, shi ke nan an gama. Wannan wayar tana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 230 a Najeriya, ko 220 a Nijar, irin wutar da kan halaka mutum idan ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu yana tsaye ba takalmi. Tsakar gida kuwa wurin ruwa ne da yara, domin nan ake alwala, nan ake wanki da wanke-wanke, nan ake shanya a kan igiyar da wani lokaci ta ƙarfe ce, kuma rana da ruwan sama da ɓeraye ba sa barin rigar waya ta daɗe. Ga shi kuma fitilar ba ta ci sai an kawo wuta. Waɗannan dalilai ne suka sa ya kamata mai gida ya duba fitilu masu aiki da ƙaramar wuta ta bolt 12 ko 24, wadda take ƙasa sosai da bolt 50, iyakar da ƙa'idojin lantarki na duniya suke ɗauka cewa daga nan haɗari ga jiki yake somawa.

Hanyoyi uku ne ake samun irin wannan haske. Ko dai a sa ƙaramar taransifoma da za ta karɓi wutar Nepa ta rage ta zuwa bolt 12 kafin ta fita waje, ko a kafa farantin sola da batir guda a wuri ɗaya a rarraba wayoyi zuwa kowace fitila, ko kuma a sayi fitilun nan da kowace take haɗe da nata farantin da nata batirin, a ɗaure a jikin bango ba tare da jan waya ba. Dukansu suna nan a kasuwa, kuma kowane ɗan kasuwa zai yabi wadda ke shagonsa.

Amma tun kafin a je kasuwa, akwai aikin da ba ya cin ko sisi, wato mutum ya zaga gidansa bayan sallar isha'i da tocila a hannu, ya lura da inda ake buƙatar haske da tsawon lokacin da ake buƙatarsa. Yawancin masu gida suna tunanin ƙarfin ƙwai, alhali abin da ya fi tasiri ga kuɗin da za su kashe shi ne awa nawa kowace fitila za ta yi tana ci. A ɗauki matsakaicin gida mai zaure, da tsakar gida, da madafi a gefe, da banɗaki a can ƙurya, da ɗan lungu tsakanin bayan ɗakuna da katanga. Ƙwan LED mai wat 7 ya isa ƙofar gida, mai wat 3 ya isa zaure, biyu masu wat 5 sun isa tsakar gida, mai wat 5 a madafi, mai wat 3 a hanyar banɗaki, biyu masu wat 5 a lungun baya, sai mai wat 2 a wurin awaki ko kaji. Jimillarsu wat 40 ke nan, bai ma kai tsohon ƙwai ɗaya mai wat 60 ba, wanda haskensa duka bai wuce na ƙwan LED mai wat 9 ba. Idan aka bar duka a kunne daga magariba zuwa asuba, kimanin awa 12, za su ci wat-awa 480. Idan kuwa na ƙofar gida da na hanyar banɗaki da na lungun baya kaɗai za su kwana a kunne, sauran a kashe su bayan awa 4 idan an gama hira an shiga ɗaki, lissafin zai sauko zuwa wat-awa 320. Wannan adadi shi za a riƙe a zuciya wajen auna hanyoyin uku.

Hanyar taransifoma ita ce aka fi sani a Amurka da Turai, inda wuta ba ta cika yankewa ba. Ba ta da batir da zai mutu, ba ta da faranti da za a riƙa gogewa, kuma kuɗin kafa ta ya fi na sauran sauƙi idan aka kwatanta da hasken da take bayarwa. Ana ɗaura taransifomar a cikin gida ko a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya kaiwa, a haɗa ta da na'urar da ke kunna fitilu da kanta idan duhu ya yi, sannan a zaɓi wadda ƙarfinta ya ɗara buƙata, domin ba a son a ɗora mata fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikinta. Gida mai wat 40 yana bukatar mai wat 60, kuma in ana da niyyar ƙara fitilu nan gaba, mai wat 100 ta fi. Cin wutar ma ba abin damuwa ba ne, domin wat-awa 320 a dare bai kai yunit 10 a wata ba, ko da a farashin rukunin Band A, wato na unguwannin da aka fi ba wuta, da hukumar kula da lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024.

Matsalar ita ce taransifoma ba ta ƙirƙirar wuta, abin da aka ba ta shi take ragewa. Rukunin Band A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, amma mafi yawan unguwanni a ƙarƙashin KEDCO na Kano ko kamfanonin rarraba wuta na Kaduna da Jos da Yola ba sa cikin wannan rukuni, kuma na ƙarshe, Band E, awa 4 kawai aka yi masa alkawari, ba tare da tabbacin cewa da dare za su faɗo ba. Mutane ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, haka ma mazauna Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar. Fitilar tsaro da ke mutuwa a daren da unguwa duka take cikin duhu ta gaza a daidai lokacin da aka saye ta dominsa. Akwai kuma batun wuta mara ƙarfi. Tsohuwar taransifoma mai nauyi, ta naɗin waya, tana bin abin da ya shigo mata ne, saboda haka idan wutar layi ta faɗi zuwa bolt 170, abin da za ta fitar bai fi bolt 9 ba. Ƙananan na zamani marasa nauyi, waɗanda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, sun fi jure wannan, sai dai su kuma tsawa da hauhawar wuta sun fi saurin ƙona su.

Wanda yake da inbata a gida zai iya cewa ai wannan ba damuwarsa ba ce, sai ya jona taransifomar a layin inbata. Hakan yana aiki, kuma in dai inbatar tana kwana a kunne saboda firji ko fanka, babu laifi. Amma kunna babbar inbata domin fitilun waje kaɗai asara ce, saboda ita kanta takan ci wat 20 zuwa 50 ko ba a jona mata komai ba, wato kusan abin da fitilun gaba ɗaya suke ci, sannan a ɗaga wutar batir zuwa bolt 230 don kawai a sake sauke ta zuwa 12, kowane mataki da tasa ɓarnar.

Wannan ne ya kawo mu ga hanya ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, ko da yake ita ce ta fi bukatar natsuwa wajen tsarawa. Batir dama bolt 12 yake bayarwa, fitilun ma bolt 12 suke so, saboda haka babu bukatar inbata ko taransifoma a tsakani. Kayan aikin su ne faranti, da kwantirola mai kula da caji, da batir, da fis, da waya. Yawancin kwantirololi, har da masu araha, suna da wurin jona fitilu da tsarin da zai kunna su idan farantin ya daina ganin rana, ya kashe su da gari ya waye ko bayan awannin da aka zaɓa, kuma suna yanke wuta da kansu idan batir ya yi ƙasa sosai don kada ya lalace. Mutane da yawa suna jona fitilu kai tsaye a kan batir su tsallake wannan wuri, su kuma yi mamakin yadda batirin bai shekara ba.

Rana ba ta yi mana rowa ba. Daga Kano zuwa Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram, ana samun kwatankwacin awa 5 zuwa 6 na cikakken hasken rana a kullum idan aka ɗauki matsakaicin shekara. Idan aka yi lissafi da awa 5, aka kuma cire kusan kashi 30 cikin ɗari saboda zafi da ƙura da asarar caji, faranti mai wat 100 zai ba da kimanin wat-awa 350 a yini, abin da ya rufe buƙatar gidan da muka misalta da ƙyar. Mai wat 150 ya fi kwanciyar hankali, saboda hadarin watan Agusta da hazon hunturu. Ana fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi da digiri 10 zuwa 15. Abin lura a nan shi ne, a daidai Kano rana takan bi ta arewa da kai tun daga ƙarshen Afrilu har tsakiyar Agusta, don haka karkata faranti da yawa ba ya ƙara komai, kuma ɗan karkatawar da ake yi babban amfaninta shi ne ruwan sama ya wanke shi ya gangara. Da hunturu kuwa babu mai wanke shi sai mai gida, kuma ƙurar mako biyu ta isa ta rage caji yadda za a gani a fitilu kafin asuba. Saboda haka a kafa shi inda za a iya kaiwa da tsani da tsumma ba tare da an taka kwanon rufi ba.

Wajen batir, zaɓi biyu ne. Batir mai ruwa ko irin na dalma da aka rufe, mai amfiya-awa 100 (ma'aunin girman batir ke nan, wanda ake rubuta Ah), yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma rabin wannan kawai ya kamata a riƙa ci idan ana so ya daɗe, wato 600, wanda zai kusan kai dare biyu a lissafinmu. Babban abokin gabarsa zafi ne, domin an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana raba ta biyu, ga shi a watan Afrilu zafin Kano da Maiduguri yakan haura digiri 40. Ajiye shi a ɗakin da ke da rufin kwano ba silin, ko a akwatin ƙarfe da rana ke duka, kashe shi ne da gangan. Batirin litiyam irin wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa ya fi tsada a farko, amma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, ba ya son a ƙara masa ruwa, kuma mai amfiya-awa 50 zai yi kusan aikin na dalma mai 100. Wanda zai iya biya, shi ya fi. Batirin mota kuwa, wanda shi ne mutane suka fi saurin ɗaukowa, an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji, ba don a tatse shi dare guda ba, shi ya sa ba ya jimawa a wannan aiki.

Inda tsarin bolt 12 yake da rauni na gaske shi ne waya, kuma wannan ya shafi hanyar taransifoma da ta sola baki ɗaya. Kamar yadda ruwan famfo yake raunana idan ya yi tafiya mai nisa a siririn bututu, haka wuta take raguwa a doguwar waya, kuma wanda ya fara da bolt 12 ba shi da rarar da zai yi asara. Fitilu masu wat 60 a kan bolt 12 suna jan amfiya 5. Idan suna nesa da batir da mita 20, wutar za ta yi tafiyar mita 40 ke nan zuwa da dawowa. A wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5, wadda masu wayarin suka saba sa wa fitilu, za a yi asarar kusan bolt 2.4, wato kashi 20 cikin ɗari, fitilar ƙarshe ta dushe ko ta riƙa ƙyaftawa. A mai 2.5 asarar za ta koma bolt ɗaya da rabi, a mai 4 kuma ta sauko ƙasa da bolt ɗaya. Mai wayarin da ya saba da wutar Nepa zai ce ai mai 1.5 tana ɗaukar abin da ya fi haka, kuma gaskiya ya faɗa ta fuskar zafi, sai dai a kan bolt 230 waɗannan fitilun ba sa jan ko da sulusin amfiya ɗaya, shi ya sa bai taɓa cin karo da matsalar ba. Maganin abu uku ne da ake haɗawa: a ajiye batir a tsakiyar gida gwargwadon hali, a raba fitilu layi biyu ko uku maimakon a jera su duka a waya ɗaya, sannan idan gidan babba ne, kamar gidan gandu mai sassa da yawa ko gidan gona, a koma bolt 24, inda wannan nauyin a waya mai 2.5 ba zai rasa fiye da kashi 3 cikin ɗari ba.

Duk wannan lissafi na wayar tagulla ce zalla. Akwai wayoyi masu araha da aka yi da alminiyam aka shafa musu tagulla a sama, kuma irinsu suna tauye wuta fiye da ta gaske da sama da rabi, ga saurin karyewa a wurin ɗauri. Gane su ba wuya, a kankare silin waya ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne a mayar wa mai shago. A nemi mai tambarin NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kaya, a kuma zura ta cikin bututun roba, ko a bango ko a ƙasa. Idan za a binne, taƙi ɗaya ya isa a gefen bango, amma inda ake sa fartanya ko ake kafa turken dabba a ninka zurfin. Kada a yi ɗauri a cikin ƙasa, a fito da shi sama cikin ƙaramin akwati mai murfi, domin tef ɗin da aka naɗa ba ya tsallake damina ɗaya.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne ɗaukar cewa tunda bolt 12 ba ya jan mutum, to ba shi da haɗari ko kaɗan. Batir mai amfiya-awa 100 yana iya sakin ɗaruruwan amfiya idan wayoyi biyu suka haɗu, waya ta yi ja, rigarta ta kama wuta, kuma a gidan da ke da rumfar kara ko zana ko tarin harawa wannan gobara ce. Dole a sa fis a wayar da ta fito daga kan batir mai alamar tarawa, kusa da batirin sosai, sannan kowane layi ya samu nasa ƙaramin fis. Irin na mota mai amfiya 5 ko 10 yana yi, kuma ana samunsa a wurin kowane mai wayarin mota.

Hanya ta uku ita ce ta fi farin jini a yanzu, kuma dalilin a fili yake, domin ba waya, ba mai wayarin, ƙusa huɗu ne a bango da rimot a hannu. Ga ɗan haya wanda ba zai fasa bangon wani ba kuma zai kwance kayansa idan ya tashi, babu kamarta. Haka ma ga kusurwar da ta yi nisa da tsakiyar gida, inda kuɗin waya mai kauri zai fi kuɗin fitilar. Tana da wata fa'ida kuma, idan ɗaya ta mutu sauran suna ci, saɓanin tsarin batir ɗaya da kan jefa gida duka cikin duhu idan kwantirola ta ƙone.

Sai dai a nan ne aka fi yaudarar mai saye. Za a ga kwali an rubuta wat 200 ko 300 da manyan baƙaƙe, alhali lissafi mai sauƙi ya isa ya ƙaryata shi. Idan batirin da ke ciki mai bolt 3.2 ne da amfiya-awa 10, duk abin da yake ɗauke da shi wat-awa 32 ne, wanda idan aka raba shi a awa 12 na dare bai kai wat 3 ba. Abin da irin waɗannan fitilu suke yi shi ne su haska sosai a awa ɗaya ko biyu na farko, lokacin da mai gida yake waje yana yaba su, sannan su riƙa rage haske a hankali, ta yadda wanda ya fito alwalar asuba zai tarar da ɗan ƙyalli ko ma babu. Saboda haka lambar da ta dace a tambaya ita ce girman batir da girman faranti, kuma nauyin fitilar a hannu ya fi rubutun kwali faɗin gaskiya. Matsala ta biyu ita ce batirin yana zaune ne a ƙarƙashin farantin, cikin rufaffen akwati, a tsakiyar rana, wato a wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan, kuma da yawansu an manne su yadda ba a buɗewa a canja batir. Ta uku ita ce dole a kafa fitilar inda rana take, ba lallai inda ake son haske ba, don haka zaure, da ƙarƙashin rumfa, da gindin darbejiya ko mangwaro duk sun fita daga lissafi, sai dai a samu irin wadda farantinta yake rabe da ita da 'yar waya. Wadda aka kafa ta wajen katanga kuma tana bukatar a yi mata walda ko keji, domin ba ta da wuyar kwancewa.

Na'urar jin motsi da ke jikin yawancinsu ita ma tana da nata hali. Zafin jiki take ganewa idan ya bambanta da na kewaye, shi ya sa a daren hunturu take kama mutum daga nesa, amma a daren bazara, lokacin da bango da ƙasa suke fitar da zafin da ya kusa na jikin mutum, takan yi nauyin ji. A gidan da akwai awaki da kyanwa kuma za ta kwana tana kunnuwa tana mutuwa har batir ya ƙare. Ta fi amfani a lungun baya inda ba kowa ke bi ba, inda kunnuwarta kaɗai ta isa ta sa a leƙa.

Ko wace hanya aka bi, akwai abubuwan da suka shafi fitilar kanta. A jikin fitilar waje ana rubuta IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IP44 tana jure feshin ruwa kawai, ta dace da ƙarƙashin rumfa. Wadda za ta tsaya a fili tana bukatar IP65, domin lambar 6 tana nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, abin da ya fi muhimmanci a ƙasar da ake hunturu. Wadda za a kafa ƙasa-ƙasa inda ruwa yake kwanciya bayan an yi mamako, a nemi IP67. Launin haske ma ba ado ba ne kawai. Farin haske mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta 6500K, shi ya cika kasuwa saboda ya fi ɗaukar ido a shago, amma ya fi tara ƙwari da damina, ƙwari kuma su jawo tsaka da kwaɗi da abin da ke bin su. Mai ɗan ja-ja, 2700K zuwa 3000K, ya fi sauƙi ga ido kuma ƙwari ba su cika rububinsa ba, don haka shi ya dace da inda ake zama a ci tuwo. Ko da shi, gara a kafa fitilar nesa kaɗan da tabarma da ƙofar ɗaki, hasken ya iso, ƙwarin su tsaya can.

Tsayi da fuskar fitila su ne abin da aka fi yin sakaci da su. Fitila mai ƙarfi da aka ɗora a saman katanga tana kallon gaba tana kashe idon mai fitowa, ta kuma bar baƙar inuwa a ƙarƙashinta inda mutum zai iya rakuɓewa, ga shi tana leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyalinsa suke kwana a waje da bazara, abin da kan jawo magana tsakanin mutanen da suka shekara suna zaman lafiya. A sunkuyar da ita ƙasa, a sa mata 'yar hula, a kafa ta ƙasa da kan katanga. A hanyar banɗaki kuwa, inda abin da ake tsoro shi ne kunama da santsi da bakin kwata, ƙaramar fitila a tsayin gwiwa ta fi babba a saman bango amfani, kuma ba ta hana masu kwana a waje barci. A nan tsarin waya ya fi fitila mai cin gashin kanta, domin yana ba da damar a sa ƙananan fitilu da yawa a daidai inda ake so, kowace da makunninta.

Idan aka haɗa duka, wanda yake kan layin da wuta take kwana, ko yake da inbatar da dama ba a kashe ta, taransifoma ta ishe shi, kuma sayen batir na daban ɓarnar kuɗi ce a gare shi. Ɗan haya, ko mai bukatar haske a wuri ɗaya ko biyu, ya sayi fitila mai haɗe da farantinta, amma ya zaɓi wadda ake kwance murfinta da sukundireba a canja batir, ya kuma sa a ransa cewa zai canja shi bayan 'yan shekaru. Mai gidan kansa a unguwar da wuta take zuwa ta ga dama, wanda kuma shi ne mafi yawanmu, ya kafa faranti mai wat 150 da batir ɗaya a ɗaki mai iska, ya ja layi biyu, ɗaya na fitilun da ke kwana, ɗaya na fitilun hira, sannan ya ƙara fitila mai cin gashin kanta guda a kusurwar da ta fi nisa, wadda za ta zama madogara ranar da babban tsarin ya samu matsala. Wanda yake kan gini yanzu, ko da bai shirya sayen komai ba, ya sa magina su binne bututun roba daga inda batir zai zauna zuwa ƙofar gida da banɗaki da lungun baya tun kafin a yi daɓen siminti, ya bar igiya a ciki wadda za a ja waya da ita daga baya, ya kuma zana hanyar bututun a takarda ya ajiye tare da takardun gida.